Kyautar Kirsimeti: Ramuwar Biki ko Tukwici?

Wata baiwar Allah, 'yar Zumuntar Mata a wani ƙauye na ƙasar Sumaila, ta aiko mini da wannan tambaya: "Baba Fasto, Kirsimeti ta gabato, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake yi. Bara faccalata ta ɗinka wa 'ya'yana uku kaya, bana an zuba mini ido in rama, ka kuma san ramuwa ba ta tafiya sai da ƙari. Maigidana yana maganar a fitar da dawa buhu biyu a kai kasuwa. Ga ankon Zumunta, ga kuɗin watanda, ga dangin mahaifiyata Musulmi da muka saba kai wa abinci. Har a cikin sujada lissafi nake yi. Shin akwai wani abu na Ubangiji a cikin wannan kyauta, ko al'ada ce kawai da ya kamata mai bi ya yar?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika furta abin da mata da yawa suke haɗiyewa. Na haura shekara talatin ina aikin ikilisiya a ƙauyukan kudancin Kano, kuma babu Disambar da ba a zo mini da wannan damuwa ba, ko da yake galibi a bayan majami'a ake faɗa mini ita, murya ƙasa-ƙasa. Akwai abu na Ubangiji a cikin kyautar Kirsimeti, babba ma kuwa, kada ki yar da ita. Amma abin da yake hana ki barci ba kyauta ba ce. Biki ne. An zuba miki abu biyu a ƙwarya ɗaya, sai mun tsince su tukuna.

Kin fi ni sanin yadda biki yake tsakanin mata. Ƙawarki ta kawo miki turmin atamfa ranar sunan ɗanki, ke kuma kin riƙe a ka, ranar da nata ya zo ki kai mata da ɗan ƙari, ita ma ta riƙe. Ba na zagin wannan al'ada. Da ita iyayenmu mata suka aurar da 'ya'ya ba tare da sun taɓa shiga banki ba, adashi ne da aka sa masa rigar zumunci. Sai dai a kira shi da sunansa: bashi ne mai ladabi. Wadda ta bayar tana jira, wadda ta karɓa tana bin kanta da lissafi. Yesu ya san irin wannan sarai, domin mutanen zamaninsa ma suna yi. A Luka 14:12-14 ya ce wa wanda ya gayyace shi cin abinci, idan za ka yi liyafa kada ka tsaya ga abokai da dangi da maƙwabta masu hali, don su ma za su gayyace ka, ka ga an biya ka ke nan. Ka kira matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba su da abin rama maka. Bai haramta ciyar da dangi ba. Nuna mana ya yi cewa abin da aka bayar don a rama, ladansa ya ƙare a ramuwar.

To idan kyautar Kirsimeti ba biki ba ce, mece ce? Mu Hausawa muna da kalmar da ta fi kowace dacewa da ita, kuma kullum a bakinmu take. Idan maƙwabciya ta aiko yarinya da kwanon tuwo, kina juye tuwon, ki wanke kwanon, ki ɗan sa wa yarinyar wani abu a hannu. Tukwici ke nan. Yaba kyauta tukwici, in ji mutanenmu. Ki dubi halinsa da kyau. Tukwici ba ya riga kyauta zuwa, sai an karɓa ake yin sa. Ba ya kai darajar kyautar, ba a ma so ya kai, wanda aka aiko wa rago ba ya ba da tukwicin rago. Ba a taɓa jin wanda ya ci bashi don ya ba da tukwici ba. Kuma a hannun ɗan aike ake sa shi, wanda yake tsaye a ƙofarki.

Kirsimeti ranar tunawa da kyauta ce, amma ba mu muka yi kyautar ba, mu aka yi wa. Yahaya 3:16 ya ce Allah ya ƙaunaci duniya har ya ba da makaɗaicin Ɗansa. Bulus, bayan ya cika sura biyu yana maganar tara gudunmawa, 2 Korintiyawa 8 da 9, da godiya ga Allah ya rufe zancen, saboda baiwarsa da baki ba ya iya faɗa. Duk abin da ke da ni za mu fitar ranar 25 ga Disamba, tukwici ne. Ba za mu iya rama wa Allah ba, bai kuma nema ba. Su wa za mu damƙa wa tukwicin? A Matiyu 25 Yesu ya lissafa su: mai jin yunwa, mai ƙishirwa, baƙo, marar tufa, marar lafiya, ɗan kurkuku, ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta a cikinsu shi aka yi wa. Su ne 'yan aiken da ke tsaye a ƙofa.

Akwai wani abu a waɗannan surori biyu na 2 Korintiyawa da nake so ki lura da shi in kin buɗe Littafinki. Kalmar da Bulus ya kira alherin Almasihu da ita, wanda yake mawadaci amma ya zama matalauci dominmu, da ita kuma ya kira kuɗin da talakawan Makidoniya suka tara wa 'yan'uwa na Urushalima. A Helenanci kalma ɗaya ce. Mu ma a Hausa mun yi sa'a, domin tun Littafi Mai Tsarki na farko da aka buga cikakke a 1932, da "alheri" muke kiran abin da Allah ya yi mana ba don mun cancanta ba, da "alheri" kuma muke kiran mudun geron da aka ba maƙwabci. Ruwa ɗaya ne, daga sama ya sauko, yana bin kwari.

Yara a makarantar Lahadi sukan ce muna ba da kyauta ne domin masana taurari sun kai wa Yesu kyauta. Gaskiya ne, amma a karanta Matiyu 2 a hankali. Bai ce su uku ne ba, kyautai ne uku. Bai ce a wurin dabbobi suka same shi ba, ya ce sun shiga gida. Abu na farko da suka yi kuma ba kwance kaya ba ne. Faɗuwa suka yi suka yi masa sujada, sannan suka buɗe taskarsu. Zinariya kin san ta. Lubban da mur kuwa ƙaron itace ne, daga kudancin ƙasar Larabawa da yankin Somaliya ake samo su, kuma danginsu suna nan a dajinmu. Itacen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, ɗan'uwan itacen lubban ne, shi ya sa ƙaronsa yake ƙamshi a wuta. Dashi da muke kafa shinge da shi dangin itacen mur ne. Lubban na cikin turaren da Fitowa 30 ya ce a ƙona a gaban Allah, mur kuma shi Nikodimu ya kawo aka shafe jikin Yesu da shi ranar da aka sa shi a kabari. Tun dā masu wa'azi suke cewa zinariya ta sarki ce, lubban na Allah, mur na wanda zai mutu. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen labarin. Mutanen nan sun yi doguwar tafiya, sun ajiye dukiya a gaban jaririn talakawa, suka koma ƙasarsu ta wata hanya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Babu wanda ya riƙe lissafi. Maryamu ba ta kwana tana tunanin me za ta kai musu ranar nasu bikin ba.

Ita Maryamu ma me ta bayar? Kwana arba'in bayan haihuwa, ita da Yusufu suka kai yaron Haikali. Shari'ar Musa a Littafin Firistoci 12 ta ce mai jego ta kawo ɗan rago da tsuntsu ɗaya, in kuwa ba ta da halin rago ta kawo kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu. Luka 2:24 ya gaya mana hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa. Uwar Mai Ceto ta tsaya a layin marasa hali, ba ta ranto kuɗin rago don kada a raina ta ba, Allah kuma ya karɓa.

Wannan ya kawo mu kan dawar nan buhu biyu, kuma a nan zan yi miki magana a matsayin manomi, don ni ma da fartanya na tashi. Disamba lokacin arahar hatsi ne, kowa ya girbe, kowa na kaiwa kasuwa. 'Yan sari suna saye suna tarawa, wani ya wuce Dawanau, wani ya kwanta a sito. Daga Kirsimeti zuwa lokacin da sabon gero zai nuna, wata takwas ne zuwa tara. Dawar da kuka sayar da araha a hunturu, ita za ku saya da tsada a Yuli da Agusta, lokacin da ake tsakiyar noma, ciki na neman abinci, ga kuɗin taki, ga zazzaɓin damina. Na sha ganin gidan da aka ci shinkafa da nama kwana biyu a Disamba, aka koma cin tafasa da rama a Agusta, maigida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. Wannan ba bangaskiya ba ce. Bulus da kansa ya ce a 2 Korintiyawa 8:12-13, ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba a nufin wasu su huta ku ku shiga matsi. A 1 Timoti 5:8 ya yi kakkausar magana a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba.

Saboda haka ku zauna ke da maigidanki, da dare bayan yara sun kwanta, ba a gaban kowa ba. Kada ki fara da "kada ka sayar". Ki ce masa, "Maigida, mu ƙirga abin da ke rumbu, mu ga tiya nawa muke ci a mako, mu ga ko zai kai mu sabon gero." Namiji ya fi jin lissafin da ya yi da bakinsa. Ku ware na ci, ku ware iri, ku ware zakkar Ubangiji in ba ku fitar ba a bikin godiya. Abin da ya ragu, a cikinsa Kirsimeti take. In akwai riɗi ko wake ko zoɓo da dama don sayarwa aka noma, a taɓa su kafin a taɓa abinci. Bashi da ruwa kuwa, ko na "a ba ni yanzu in biya da kaka", ku guje shi. Iya ruwa fidda kai.

Maganar faccalarki ta fi ta dawa wuya, domin ta shafi zuciya. Ina jin abin da yake cin ki ba rashin kuɗi ba ne kaɗai, nauyin karɓa ne. Bari in gaya miki abin da ya faru da ni. A ikilisiyar da aka fara tura ni, akwai wata tsohuwa gwauruwa, daga gidan Maguzawa ta fito, ta karɓi bangaskiya da furfura a kanta. Ranar jajiberin Kirsimeti ta zo gidana da ɗaurin itace a ka da ƙwan zabi huɗu a ƙullin zane. Na san ɗakinta, na san ba ta da bargo. Sai na ce, "Iya, mayar da abinki, ke ya kamata a kai wa." Ta tsaya ta dube ni, ta sunkuya ta ɗauki itacenta, ta tafi ba ta ce uffan ba. Da yamma wani dattijon ikilisiya ya same ni ya ce, "Malam, yau ka gaya wa tsohuwar nan cewa ba ta da abin da za ta ba Allah." Maganar ta shige ni har ƙashi. Da sassafe na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta na roƙi gafara, na ce ta ba ni itacena. Da shi aka dafa abincin Kirsimeti a gidana a shekarar. Yesu ya zauna yana kallon gwauruwar da ta zuba 'yan kuɗinta biyu a Haikali, kamar a ce anini biyu, bai kuwa tashi ya mayar mata ba. Yabonta ya yi a gaban almajiransa.

Wanda bai iya karɓa ba, Kirsimeti za ta yi masa wuya, domin gaba ɗayanta karɓa ce. Mai yiwuwa faccalarki da zuciya ɗaya ta ɗinka kayan nan, ke ce kika mayar da su bashi. Mai yiwuwa kuma tana jira. Ko wanne ne, maganinsa ɗaya: ki je wurinta tun kafin ranar, ki zauna a tabarmarta, ki ce, "Yaya, alherin da kika yi wa yara bara yana raina har yau. Bana hannuna bai kai ba, amma ga abin da na samu." Ki miƙa mata kwalbar man gyaɗar da kika matsa da hannunki, ko daddawa, ko ki ce za ki zo ki taya ta aikin girki. In ta ji daɗi, kun tsira ku biyu, don ita ma wataƙila tsoron ƙarin da za ki yi take ji, tunda baɗi zai dawo kanta. In ta ɓata rai, ki yi haƙuri da ita, ki ci gaba da gaishe ta. Zumunta a ƙafa take.

Anko da watanda ba zan daɗe a kansu ba. Watanda dabara ce mai kyau: gida goma ko ashirin su haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, a kasa. Ki shiga da rabin kashi in cikakke ya fi ƙarfinki, ki kuma ba da shawara a fitar da kashi ɗaya na waɗanda ba su iya zubi ba tun kafin a fara rabo. Anko kuwa, na sha gaya wa shugabannin Zumunta, duk zanen da zai sa wata mace ta ƙi zuwa sujada ranar Kirsimeti don kunya, ya yi tsada ko nawa ne kuɗinsa. Zanen Zumunta da kuke da shi ya isa a yi waƙa da shi.

Dangin mahaifiyarki kam, kada ki yanke. Mu Masihiyawan ƙasar Kano da Jigawa, daga Gani da Karefa har Roni, da wuya ka sami gidan da ba shi da kawu ko inna ko ɗan'uwa Musulmi. Su suke aiko mana da naman layya, mu muke aika musu da shinkafar Kirsimeti, kuma kwanon nan da ke kai da kawowa ya kashe wutar da wa'azi bai isa ya kashe ba. Ki yi shi da lura. A kira Musulmi ya yanka dabbar, yadda za su ci hankali kwance. Tukunya da kwano su zama masu tsabta daga duk abin da addininsu ya hana. Kada ki ɗaura wa abincin wani sharaɗi, kada ki mai da shi tarko. Abinci ne, daga 'yar'uwa. Akwai wanda zai karɓa da murna, akwai wanda fahimtarsa ta addini ba za ta bar shi ya ci abincin bikin ba. Wannan kada ki riƙe shi a rai, kada kuma ki fasa gaishe shi. Irin wannan sai ki kai masa ɗanyen abu a wata ranar, tiyar wake ko 'yar kaza.

Ki sani kuma, babu ayar da ta umarce mu mu yi musayar kaya a wannan rana. Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar ba. Shaida mafi daɗewa ta yin bikin ranar 25 ga Disamba daga birnin Roma ta fito, a shekara ta 336. Shi kansa Baba Kirsimeti mai jar riga da yara ke gani a talabijin, asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas, na garin Mira a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, a ƙarni na 4. Labarin da aka fi tunawa da shi a kansa zai yi miki daɗi, don kamar a ƙauyenmu aka yi: wani talaka yana da 'ya'ya mata uku, ba shi da abin yi musu kayan aure, sai Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙullin zinariya ta taga, don kada uban ya san wanda zai yi wa godiya, kada kuma ya ji kunya. 'Yan kasuwa sun riƙe jar rigar sun yar da daren. Mu daren ya kamata mu riƙe, domin shi ne Matiyu 6:3, hannun hagu kada ya san abin da na dama yake yi. Washegarin Kirsimeti ma, 26 ga wata, a kalandar ikilisiya ranar Istifanas ce, ɗaya daga cikin mutum bakwai da aka zaɓa a Ayyukan Manzanni 6 don kada a manta da gwauraye wajen rabon abinci.

Idan kina neman ayar da za ki kafa bikin gidanki a kanta, ga Nehemiya 8:10. Jama'a suna kuka da suka ji karatun Shari'a, sai aka ce musu su je su ci mai maiƙo, su sha mai zaƙi, su kuma aika wa wanda ba shi da abin da ya tanada. Ci da sha suna ciki, Allah ba ya ƙin ganin yaranki da sabuwar riga da maiƙo a baki. Amma aikawar tana cikin umarnin, ba ragowa ba ce. Haka Shari'a ta hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf, ta ce a bar wa matalauci da baƙo kala, kamar yadda ake barin tsofaffi su bi gonar gyaɗa bayan an cire. Da kalar nan Rut ta ci a gonar Bo'aza a Baitalami, garin da aka haifi jikan jikokinta, Yesu.

Ke kin san mutanen ƙauyenku fiye da ni. Kin san tsohon da 'ya'yansa suka tafi cirani ba su dawo ba. Kin san matar da mijinta ya rasu da damina, wadda wannan ce Kirsimetinta ta farko ita kaɗai da yara. Ita ba shinkafa ta fi buƙata ba, wanda zai zauna da ita ta ambaci sunan mijinta take nema. Kin san almajirin da ke kwana a zaure da riga ɗaya a wannan sanyi, da Bafillatanar da ke kawo muku nono. Kin kuma san wadda kuka yi wata shida ba ku gaisa ba. Matiyu 5:23-24 ya ce a ajiye baiko a gaban bagade a je a shirya tukuna, don haka da ita za ki fara, tun kafin jajiberi.

Ranar kuwa, in an sauke tukunya, kafin a zuba wa maigida, kafin a cika kwanukan da kika san za su dawo da wani abu a ciki, ki ɗebi kwano ɗaya daga saman tukunyar, da tsoka mai kyau, ki rufe da faifai. Ki kira babbar 'yarki ki ɗora mata, ki faɗa mata ƙofar da za ta kai. Ki ce mata in an miƙo mata tukwici ta sa hannu biyu ta karɓa ta yi godiya, ko da ƙwayar gyaɗa ce, in kuma ba a ba ta komai ba ta gaishe su da kyau ta dawo. Ki gaishe mini da maigidan da yaran, Ubangiji ya kai mu ranar lafiya.